Kamfanin casar shinkafa ya kawo mana takardar "noma mai ɗorewa", mu sa hannu ko mu dakata?

Sakataren Manoma, Auyo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don shugabanmu ya ce kafin a zuba irin rani sai mun ba mutanen nan amsa.

Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo. Ba don na fi kowa sanin noma aka ba ni ba, don dai na koyar a firamare ne, in takarda ta zo ina iya karantawa. Wasunmu gonakinsu na cikin aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, ruwan kanal suke sha. Sauranmu, har da ni, muna gefen fadama, 'yar rijiyar burtsatse muke haƙawa mu ɗora injin fetur. Yawancinmu FARO 44 muke shukawa, wadda muke ce wa Sipi.

Akwai wani kamfanin casa da muke sayar wa samfarera. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba ƙara na kawo ba. A da hulɗarmu da su ba ta da wata kwana: su ba da iri da yuriya da kamfa bashi, in an yi girbi su zo da mota da sikeli su cire nasu, ragowar su saya in farashi ya yi mana. To bana sai ga wasu samari da riguna iri ɗaya, suka tara mu a makaranta, suka raba wani ɗan littafi mai sheƙi, duk da Turanci, ga hoton manomi yana dariya a bangonsa. Suka ce kamfani ya fito da tsarinsa na ɗorewa, yana da burikan da yake son cimmawa nan da 2030, kuma duk wanda zai ci gaba da karɓar taki a wurinsu sai ya shiga.

Na zauna na bi littafin shafi-shafi. Ɓangaren da ya shafi masana'antarsu ban da ja a kai: za su rage dogaro da man gas, tukunyar turara shinkafa za ta koma cin buntu zalla, za su sa sola, za su riƙa tace ruwan jiƙo kafin su sake shi, za su shuka itatuwa. Wannan nasu ne, Allah ya ba da iko. Amma fiye da rabin littafin a kanmu yake magana. Kada a bar ruwa kwance a fangali tun daga dashe har girbi, a riƙa bari yana ƙafewa sannan a ƙara. Kada a ƙona tattaka (wannan ta ba mu dariya, wa zai ƙona abin da masu kiwo ke biya su kwasa?). Wasu magungunan feshi an hana. Kada yara su yi aikin gona. Za a zagaye gonar kowa da waya a auna ta, a ɗauki hoton mai ita, sannan kowa ya riƙa rubuta ranar da ya ba da ruwa da yawan takin da ya zuba. Mutanen da rabinsu da ajami kawai suke rubutu, wasu ma ko shi babu. Kun san a kan wa wannan aikin zai ƙare.

A ƙarshen takardar sa hannu kuma akwai wani sakin layi da ya fi ƙarfina. Abin da na iya tsinta a ciki shi ne, duk wata riba da za ta fito daga rage gurɓatacciyar iska a gonakinmu ta kamfani ce.

Tambayoyina ke nan. Me ya haɗa mai casar shinkafa da yadda nake shayar da gonata? Wace iska ce gonar shinkafa ke fitarwa, alhali ba wuta ba salansa? Wace riba ce ke cikin rage ta, har da za a nemi mu sa hannu mu bar musu?

Maganar yara ma ta tsaya min. In shinkafa ta fara nono, jan-baki ya sauko, yaranmu ne ke tsayawa da gwangwani da majajjawa daga asuba. Ni malami ne, na fi kowa son yaro ya zauna a aji, na sha faɗa da iyaye a kan haka. Amma in aka ce yaro ba zai kori tsuntsu ba, babba za a ɗauka, babba kuwa kuɗi ne. Littafin bai ce komai a kan wannan kuɗin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. A wajen taron wani dattijonmu ya tashi ya ce, in mun bi tsarinku amfani ya ragu, wa zai cike mana? Saurayin ya ce ai Baba ba zai ragu ba. Dattijo ya ce to in ya ragu fa? Sai ya ce zai kai maganar sama. Na duba littafin daga farko har ƙarshe, an faɗi abin da kamfani zai cimma a 2030, an faɗi abin da manomi zai yi daga bana, amma babu layi ɗaya da ya ce ga ƙarin da za a yi wa buhun wanda ya bi doka. Mu kuwa ba mu son raba gari da su, don taki bashi ba ƙaramin rufin asiri ba ne a wannan zamanin.

Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Bari in ɗauki ta ruwa, ita ce aikina.

Iskar da suke nufi sunanta miten. Idan ruwa ya daɗe kwance a kan ƙasa, iskar shaƙa ba ta shiga, sai wasu ƙananan halittu na cikin taɓo su riƙa cin ruɓaɓɓen ciyayi suna fitar da ita. Ka san kumfar nan da ke tasowa in ka taka taɓon fadama? Da ita a ciki. Ba a ganinta, amma wajen riƙe zafi a sama ta ninka iskar kabon da ke fita daga salansar mota kusan sau 28, in aka yi lissafin shekara ɗari. Gonakin shinkafa na duniya su ke ba da kimanin kashi ɗaya cikin goma na miten da ɗan Adam ke jawowa. Saboda haka ba ƙarya suka yi muku ba.

Dabarar barin ruwa ya ƙafe kuma ba kamfanin ne ya ƙirƙiro ta ba, cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ce ta yaɗa ta. Ga yadda take. Ka samu guntun fayif na roba mai tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi a fangali, ka kwashe taɓon da ke cikinsa. Bayan kamar mako biyu da dashe sai ka bar ruwa ya sauka. Kana leƙa fayif ɗin. In ruwan ciki ya yi ƙasa da doron ƙasa da santimita 15, sai ka sake ba da ruwa ya hau kamar santimita 5. Ko saman ya bushe, saiwa na cikin danshi. Amma daga mako ɗaya kafin fure zuwa mako ɗaya bayansa ba a wasa, ruwa zai zauna, in ba haka ba ka girbe ƙaiƙayi. In an yi shi daidai yana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Ku masu inji, wannan dabara taku ce ko da kamfani ko babu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk tayar da injin da ka rage kuɗi ne ya koma aljihunka. Kuma ruwanka na hannunka, ka leƙa fayif ka ga ya yi ƙasa, ka ja igiya.

Masu kanal fa? Ruwansu na layi ne. Wanda ke bakin babbar kanal zai iya. Wanda ke can wutsiya, wanda dama sai na gaba sun ƙoshi yake samu, in ya bar fangalinsa ya ƙafe kuma layinsa ya yi jinkiri, ƙasa za ta tsage, shinkafa ta sha wuya. Shi ya sa mutumin wutsiya ke tara ruwa in ya samu, ba jahilci ba ne. Irin waɗannan ba za su shiga ɗaya-ɗaya ba, sai dai ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashen gaba ɗaya ta yarda da jadawali.

Sai ƙasa. Mai laka tana riƙe danshi, mai yashi-yashi kuwa kafin ka juya ruwan ya zurare, can dabarar ba ta da wani amfani. Fangalin da ba a baje shi daidai ba, tudunsa zai ƙone kwarinsa na da ruwa. Sannan ciyawa: kwantaccen ruwa shi ke danne ta, da ka busar za ta ɗago kai, wato ƙarin cira ko ƙarin feshi. Ka haɗa wannan da jerin magungunan da suka hana, ka ga akwai lissafi. Kodayake in maganin ciyawar nan paraquat na cikin jerin, kada ku ga laifinsu, NAFDAC ce ta hana shi tun daga 2024, kuma guba ce da ba ta da makari.

Shawarata, bana kada kowa ya sa gonarsa duka. A ware fangali kaɗan a gona mai laka da mai yashi, a bakin kanal da wutsiya, gefe da gefe da wanda aka shayar yadda aka saba. Iri ɗaya, taki ɗaya. A girbe daban, a auna a gaban wakilinsu. Sikeli ya ba dattijon nan amsa.

Ɗan Kura ya amsa:

Malam, ni ta annoba kawai zan ce ku duba. Masana'antar tumatir ta Kadawa an buɗe ta a 2016, an gina ta don ta riƙa cin tan 1,200 a rana, kowa a nan yana murna. A wannan shekarar tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki, babu tumatirin da za a kai. Ba wanda ya shirya mata. Ku kuma taku annobar ruwa ce, ba sai na tuna muku ambaliyar 2022 ba, Auyo da Kafin Hausa da Ringim duk sun gani. Ku nemi inda takardar ta ce ga hukuncin bashin taki in ruwa ya cinye gona. In babu, kada ku yi cinikin biri a sama.

Ɗan Haɗejiya a Kano ya amsa:

Baba Malam, barka da ƙoƙari. Ni a banki nake, sashen da ke duba takardun kamfanoni masu neman rance, irin wannan littafin yana yawan zuwa teburina. Bari in faɗa maka dalilin da ya sa suka zo.

Kuɗi ne. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna ƙa'idar duba illar muhalli da ta jama'a kafin su ba da babban rance. Masu ba da rance mai sauƙin ruwa daga waje sun fi tsanani. IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, yana da ƙa'idoji takwas, ciki har da na ma'aikata, da aikin yara, da gurɓata ruwa, da karɓar filaye. Sannan a 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take shanyewa, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba. Dokar ta ce kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya tanadi matakan rage iskarsa, ya naɗa jami'in da zai kula da hakan. Hukumar da ke kula da rahoton kuɗi ta ƙasa ma ta fitar da jadawalin da zai sa irin wannan rahoto ya zama dole ga manyan kamfanoni daga 2028. Ka ga duk kamfanin da ke son girma dole ya yi littafi mai sheƙi.

Abin da ya haɗa su da gonarka kuwa shi ne yadda ake lissafin. Kashi uku ake yi. Na farko abin da ke fita daga bututun masana'anta da motocinta. Na biyu na wutar lantarkin da ta saya. Na uku duk abin da aka fitar kafin kaya su iso ƙofarta da bayan sun fita. Ga mai casar shinkafa, na ukun nan ne babba, kuma yawancinsa a fangalinka yake. Ko sola ya shimfiɗa a rufin masana'anta duka, in bai taɓa gonaki ba lissafinsa ba zai motsa sosai ba. Wato Baba, ba zai iya cimma burinsa na 2030 ba sai da ku. Ku shiga ɗakin ciniki da wannan a ranku.

Yanzu sakin layin da ya fi ƙarfinka. Akwai kasuwa a duniya da ake sayar da shaidar cewa an hana tan kaza na gurɓatacciyar iska fita. Kamfanin da ya kasa rage tasa a Turai ko Japan sai ya saya. Auna gona da waya, da hoto, da rubuta ranar ban-ruwa, su ne hujjar da ake kai wa masu tantancewa. Mai yiwuwa kamfaninku yana da niyyar sayarwa, mai yiwuwa lauyansu ne kawai ya sa don gaba. Ko wanne ne, sa hannunku yana nufin kun ba da kyauta. Kada kuma ku ɗauka wata dukiya ce jibge: abin da hekta ɗaya ke bayarwa ba shi da yawa, tantancewa na da tsada, kasuwar ma tana da rikici. A 2024 Verra, babbar mai rajistar irin wannan shaida, ta soke ayyukan shinkafa 37 a ƙasar Sin saboda hujjojinsu ba su tsaya ba. Amma ko kaɗan ne, guminku ne. Ku ce ko dai a cire layin, ko a rubuta kasonku, da wanda zai nuna muku lissafin abin da aka sayar.

In kana son gane ko burin nasu na gaske ne, duba abu uku a littafin. Sun ce za su rage kashi kaza, to daga lissafin wace shekara? Alkawarin miten na duniya da Najeriya ta shiga a 2021 ya faɗa a fili: kashi 30 nan da 2030, a kan na 2020. Wanda bai faɗi mafari ba, ba a iya kama shi. Na biyu, akwai zangon 2026 ko 2027, ko komai an tura 2030, lokacin da manajan da ya rubuta ya daɗe da canza aiki? Na uku, wa ke duba musu daga waje?

Ta yara kuma, ka tambaye su su fayyace. Abin da ƙa'idojin nan suka fi nufi shi ne aiki mai haɗari, kamar goya wa yaro tankin feshi, da aikin da ke hana makaranta. Ba kowane taimakon iyaye ne aka hana ba. Korar tsuntsu a lokacin aji dai ta shiga, wannan ba makawa.

Inna Mai Gumi ta amsa:

Sallama gare ku. Jikata ce ke rubuta min, ni dai faɗa nake. Malam Sakatare, ku maza kun zauna a makaranta an raba muku littafi, mu ba wanda ya kira mu, alhali maganar buntu tamu ce.

Ni gumi nake yi tun ina amarya. In sayi samfarera, in jiƙa, in turara a tukunya, in shanya, a kai inji a casa, in kai kasuwar Haɗejiya ranar Lahadi. Da shi na aurar da 'ya'yana. Wutar da nake turarawa da ita yawanci buntu ne daga injin garinmu, dusar kuma ta tumakina ce. To duk buhun da motar kamfani ta ɗauka, ba shinkafa kaɗai ta tafi ba, buntunsa da dusarsa sun bi shi. In suka ce tukunyarsu buntu zalla za ta ci, ran da nasu ya gaza ina za su nufa? Injinan ƙauye. Su da mota da kuɗi, mu da buhu a ka. Abin da muke ɗiba da "Allah ya saka" zai koma na saye.

In buntu ya gagare ni me zan yi? Itace. Itace kuwa kun san daga inda ake saro shi. Su suna can suna dasa 'yan itatuwa a bakin masana'anta ana ɗaukar hoto, mu muna nan muna sa a sare manya. Wannan lissafin ya shiga littafin nasu?

Ba cewa nake ku ƙi su ba. Ɗana ma a wurinsu yake karɓar taki. Roƙona ɗaya ne: kada ku sa hannu a kan cewa duk abin da kuka noma nasu ne. Su cire bashinsu, su sayi abin da aka yi alkawari, saura ku bar shi a gari mu ma mu saya. In kuma da gaske suke son taimakon mata kamar yadda jikata ta ce ana rubutawa a irin waɗannan littattafai, akwai tukunyar gumi ta zamani mai marfin ƙarfe a ciki wanda ke raba shinkafa da ruwa, tururi kaɗai ke dafa ta, ba ta cin wuta da yawa kuma shinkafar ta fi haske. Na gani a hannun wasu mata. Su kawo irinta bashi, mu biya da kaɗan-kaɗan. Ba mu son atamfa mai hoton kamfani.

Tsohon Mai Boila ya amsa:

Inna ta faɗi gaskiya, amma bari in ɗan sanyaya mata rai. Na yi aikin tukunyar tururi a wata masana'antar casa a Kano har ƙarfina ya ƙare. Buntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin samfarera, wato duk tan biyar ana samun tan guda. Masana'antar da ke aiki sosai buntunta kan ishe ta turarawa da busarwa, wani lokaci ma rasa inda za mu zuba muke. Inda za su fara bin na ƙauye shi ne in sun ce da shi za su samar da lantarki ma. Wannan ce tambayar da za ku yi musu, Malam.

Kuma kada "za mu koma buntu" ta burge ku. Yawancin manyan injinan gumi dama da shi suke aiki, don shi ne na banza a hannunsu. Sola ma haka: tun da kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa a rana, ya tashi zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga tsadar gas, duk mai hankali yana neman mafita. Abu ne mai kyau, amma ko ba a rubuta a littafi ba za su yi.

Inda ake gane mai gaskiya shi ne ruwan jiƙo da toka, don su kashe kuɗi ne kawai, ba sa dawo da ko kwabo. Ruwan da aka jiƙa samfarera a ciki, in ya kwana, warinsa ba a magana. In ya shiga rafi yana cinye iskar ruwan, kifi ya taso. Tace shi na buƙatar tafkuna da injin hura iska da ke aiki dare da rana. Na san wurin da ake kunna irin wannan inji ran da baƙi za su zo kawai. Toka kuma, in bututu ba shi da matata, a kan shanyar mutane da idanunsu take sauka.

Saboda haka ku ce kuna son ziyara. In kun je za a zaga da ku inda aka share. Ku yi godiya, in kun fito ku bi bayan katanga da ƙafa, ku ga inda kwata ke fita, ku gaisa da masu gidajen wurin ku tambaye su. Dokar tantance illar muhalli ta 1992 ta ce a yi nazari kafin a gina babbar masana'anta, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta NESREA kuma tana da iyakar dattin da aka yarda ruwa ya ɗauka ya fita. Ku nemi ganin sakamakon gwajin ruwansu na baya-bayan nan. Mai yi ba zai ɓoye ba. Itatuwa kuwa kada ku tambayi nawa aka dasa, ku tambayi nawa suka ga damina ta biyu.

Sakataren Manoma, Auyo ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa 'yan ƙungiya amsoshinku bayan la'asar, har da ta Inna, wadda ta jawo muhawara fiye da kowacce, don da yawa daga cikinmu matansu gumi suke yi kuma ba wanda ya kawo wannan a ransa.

Ba mu haɗu a kan komai ba. Masu inji suna son a sa hannu yanzu, sun ce ko ba komai za su rage fetur, kuma suna tsoron a ba wani ƙauye takin. Mutanen wutsiyar kanal sun ce ko da ƙarin kuɗi ba za su busar da fangali ba sai sun ga jadawalin ruwa a rubuce. Shugaba ya yanke cewa ba za a sa hannu a wannan takardar yadda take ba, kuma ba za a ce musu a'a ba. Zan rubuta musu wasiƙa: su kawo yarjejeniyar da Hausa, bana gwaji ne a fangali kaɗan, in an samu ragi su cike, ƙarin kuɗin buhu ga wanda ya bi tsari a rubuta shi da lamba, abin da ya wuce bashi da alkawari manomi ya sayar inda ya so, a faɗi hukuncin bashi in an yi ambaliya, aikin rubuce-rubucen ban-ruwa su ɗauki samarinmu masu sakandare su biya su. Ta korar tsuntsu mun bar ta a buɗe, don mu kanmu ba mu da amsa.

Ɗana na banki, saura layin nan na iska. In sun ƙi cirewa, kuma sun ce ba za su iya faɗin kaso ba tunda ba su sayar da komai ba tukuna, me za mu ce?

Ɗan Haɗejiya a Kano ya amsa:

Baba, kaso ba ya buƙatar a san farashi. A rubuta cewa daga duk abin da aka sayar, kashi kaza na ƙungiya ne, kuma za a nuna muku takardar cinikin. In sun ce sai an cire kuɗin tantancewa, to a lissafa abubuwan da za a cire tun yanzu, kada a bar shi a buɗe. Sannan ku duba wa'adi. Irin wannan layi wani lokaci yana ɗaure gona shekaru masu yawa ko da kun daina sayar musu da shinkafa, ku ce ya mutu ran da yarjejeniyar saye ta mutu. Masu noma a gonar aro ko ta haya kuma kada su sa hannu a kan wannan sashe sai mai gona ya sani.

Ku haɗa ɗan kuɗi ku kai wa lauya a Haɗejiya ko Dutse ya karanta kafin shugaba ya dangwala. Kuma kwafi biyu za a yi, kowanne da sa hannun manajansu da hatimi, ɗaya ya zauna a akwatinka.